Sawun Taya a Kwarin Gidado

Ku gyara zama, ku bar hira da juna. Labarin da zan ba ku yau ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshensa ni zan yi shiru, ku ne za ku yi magana.

A can saman tsaunin Mambila, inda sanyi ke sa mutum ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya taɓa ruwan alwala, an yi wasu 'yan'uwa uku a garin Gembu, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbarsu Uwani, ungozoma ce a asibiti, mace mai kaifin baki da taushin hannu. Mai bi mata Sallau, direban wata tsohuwar Landiroba da ta girme shi, wadda ba ta tashi sai an lallashe ta, amma in ta tashi babu hawan da ke gagarar ta. Autansu Hashimu, mai gyaran kekuna a bakin kasuwa, kuma shi za mu fi bi a labarin nan.

Hashimu mutum ne mai ƙafar yawo. Ya sayi wani keken hawan dutse a gwanjo, mai kaurin taya da giya rututu, duk ranar da ya rufe shago sai ya haye shi ya nausa cikin tsaunuka. Ba farauta yake yi ba, ba fatauci ba. In an tambaye shi abin da yake nema, sai ya ce yana so ne ya ga abin da ke bayan wancan tudun. Uwani kan ce masa, "Bayan wancan tudun wani tudun ne, sarkin wahala."

Wata rana ya wuce gonakin ƙarshe, ya bi ƙoƙuwar wani dutse cikin gajimare, ko gabansa ba ya gani sosai. Can sai iska ta yaye gajimaren, ya ga ashe a bakin wani kwari yake tsaye. Ciyawa shar har gindin duwatsu, rafi yana ratsa tsakiya, ruwansa garau, fararen shanu sun bazu suna kiwo, ga bukkoki kamar goma sha biyu hayaƙi na tashi. Babu hanya, babu ko turbar ƙafa. Sai ya gangara, wani wuri a kan keke, wani wuri keken a kansa.

Mai rugar wani dattijo ne, Baffa Gidado. Ya ba shi tabarma, ya sa aka kawo masa kindirmo, bai tambaye shi komai ba sai da ya ƙoshi. Daga nan ya ce wa Hashimu ya nuna masa ta inda ya shigo. Suka bi sawun keken tare, tsohon yana sunkuyawa yana tayar da ciyawar da taya ta kwantar, da hannunsa, har bakin dutse. A nan Hashimu ya ji yadda abin yake. Mahaifin Gidado ne ya shigo kwarin da ragowar shanunsa bayan annoba da rigingimu sun cinye masa garke, ya kuma kafa wa zuriyarsa doka: ba a fita ta wuri ɗaya sau biyu a jere, kuma shanu ta cikin rafi suke fita, don kada ƙafa ta yi turba, turba ta zama hanya. Shekara sittin suna haka, ɓarawo bai san su ba, mai neman fili bai san su ba.

Gidado ya ce, "Ɗana, ruwanmu naka ne, nononmu naka ne. Abu biyu nake roƙonka. In za ka zo, ka saɓo dokin ƙarfen nan a kafaɗa tun daga bakin dutse. Kuma kada bakinka ya kawo mana wani."

Hashimu ya ce, "Na ɗauka, Baffa. Allah shi ne shaida."

Ya kuwa riƙe. Shekara uku yana zuwa yana komawa, ko 'yan'uwansa bai gaya wa ba. In duniya ta ishe shi, can yake zuwa ya zauna a bakin rafi, ba ya jin komai sai kukan maruƙa. Babu wurin da yake ƙauna a duniya kamar kwarin nan.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce. Ya iso da hantsi ya tarar da rugar tsit, mata sun taru a ƙofar bukka ɗaya. Jebbu ce, 'yar Gidado, kwana biyu tana naƙuda, tsofaffi sun yi iya yinsu, har muryarta ta daina fita. Hashimu ya tashi gida ɗaya da ungozoma, ya san abin da wannan shirun ke nufi. Ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baffa, yayata aikinta ke nan, wana kuma yana da mota. Ka ba ni izini." Gidado ya dubi bukkar, ya dubi duwatsun da suka kewaye su, ya sunkuyar da kai. Bai ce je ka ba, bai ce kada ka je ba. Hashimu ya jira, ya sake jira, sannan ya miƙe ya haye kekensa tun daga tsakiyar ruga, abin da bai taɓa yi ba tun ranar alkawari. Tafiyar awa huɗu ya yi ta cikin biyu da rabi. Sau biyu yana faɗuwa, ya isa Gembu gwiwarsa na zubar da jini, ya buɗe baki ya faɗi abin da ya rantse ba zai faɗa ba.

Uwani ba ta tsaya yi masa faɗa ba, ta ɗauki jakarta. Da motar ta kai su bakin dutse inda hanya ta ƙare, ta tattare zanenta ta gangara da ƙafa, mace mai jiki da ciwon gwiwa, tana zamewa tana tashi. Ta duba Jebbu ta ga ɗan a gicciye yake, ba zai fito ba sai da tiyata. Ta ɗaura mata ruwa, ta yi mata allura, ta tallafe kanta a cinya. Mazan rugar suka ce za su ɗaure itace su ɗauke ta a kafaɗa zuwa sama inda mota take. Uwani ta ce, "Ku ɗauke ta awa uku a wannan hawan, gawa za ku kai. Motar nan sai ta zo ƙofar bukka." Aka yi ta roƙonta, ta kafe, kuma gaskiya tana tare da ita.

Sallau ya leƙa gangaren ya ce, "Yaya ta haukace." Sai kuma ya cire rigarsa. Ya ɗaura wa tayoyi sarƙa, ya fito da diga da shebur. Ya sare gefen tudu inda ya yi tsaye da yawa, shi da matasan ruga suka mirgine duwatsun da suka tare, ya jera wasu a cikin rafi a wurare biyu don motar ta haye. A wuri mafi muni ya ɗaure ta da igiya a jikin bishiya ya sauke ta kaɗan-kaɗan, shi yana ciki, ƙofarsa a buɗe ko da za ta kife. Ya kai ta ƙofar bukka, ya kuma fito da ita, Jebbu a ciki, injin yana kuka kamar zai fashe. Kafin magariba Jebbu tana ɗakin tiyata. Ta rayu, aka ciro 'ya mace, ita ma da ranta.

Da a nan labarin ya tsaya, da na sallame ku kuna murna.

Taya huɗu masu sarƙa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba sawun keke ba ne da tsoho zai shafe da hannu. Ruwan sama ya bi ramin tayoyin ya ƙara musu zurfi. Sallau kuma ba ya aikin ha'inci, duwatsun da ya jera a rafi suka zauna daram, ambaliya ba ta motsa su ba. Uwani ta ce mai ɗinki a ciki ba za ta hau dutse da ƙafa ba, aka mai da Jebbu gida a mota, Uwani ta sake komawa sau biyu don duba ta. A can ta ga yara fiye da ashirin ba a taɓa yi wa ko ɗaya rigakafi ba, zuciyarta ta ƙi, ta rubuta sunan wurin ta miƙa wa hukumar lafiya. Masu rigakafi suka zo a kan babura. Ɗaya daga cikin masu baburan ya sunkuya wanke fuska a rafi, ya ga wata shuɗiyar tsakuwa tana ƙyalli, ya jefa a aljihu. Dutse ne mai tsada, irin wanda ake haƙa ana kai wa ƙasashen waje.

Labari ya bazu, kafin damina ta zagayo, masu haƙa sun fi ɗari biyar a kwarin. Ramuka ko'ina, rumfunan leda, janareta na ruri dare da rana. Rafin ya koma jan kwaɓaɓɓen laka, shanu suka ƙi sha. Wasu suka faɗa ramuka suka karye, wasu aka wayi gari babu su. Aka haƙa rami taku goma daga kabarin mahaifin Gidado.

Sau ɗaya Hashimu ya koma. Tun daga Gembu har tsakiyar kwarin bai sauka daga kan keke ba, hanya ta yi fes, har da mai sayar da shayi a bakin dutsen da ya saba saɓa kekensa. Ya nemi inda yake zama a bakin rafi bai gane wurin ba. Ya hangi Gidado daga nesa, kunya ta hana shi ƙarasawa, ya juyo yana kuka kamar yaro. Da ya dawo ya rataye keken a bangon shago, bai ƙara hawansa ba. Amma fa duk lokacin da ya ce da ma bai yi magana ba, sai ya tuna da muryar Jebbu da ta daina fita, ya rasa abin da zai yi da-na-sani a kansa.

Bayan shekara biyu, wata safiya, aka yi sallama a ƙofar gidansu. Suka fito su uku suka ga Baffa Gidado, ya rame, riƙe da igiyar wata farar karsana. Jebbu tana bayansa, 'yar tana riƙe da zanenta, tana tafiya da ƙafarta. Can bakin gari ragowar shanunsu ne da kaya a kan jakuna. Sun tashi ke nan, za su tsallaka iyaka, ba kuma za su dawo ba.

Tsohon bai ɗaga murya ba, bai zargi kowa ba. Ya ce, "A wajenmu ba a barin ƙasa ba a yi wa wanda ya ceci rai kyauta ba. Karsanar nan ita ce mafi kyau a cikin abin da ya rage mini. Guda ce, ba a raba ta, mutum ɗaya ake ba wa. Ku kun fi ni sanin wanda aikin nan ya fi zama nasa. Ya zo ya karɓa, rana tana yi mana."

Babu wanda ya motsa. Kowannensu ya san aikin da ya ceci Jebbu shi ne dai aikin da ya tashi rugar, wanda duk ya ce wannan nasa ne, to wancan ma nasa ne.

Uwani ta ce, "Ta Hashimu ce, Baffa. Ba don shi ba, da ba mu ma san kuna duniya ba."

Hashimu ya ce, "Ni alkawari na karya, ba a yi wa mutum kyauta a kan wannan. Yaya Sallau ne ya sa ransa a gangaren."

Sallau ya ce, "Ni inda aka ce in haƙa na haƙa. Da ta tawa ce, da a kafaɗa aka ɗauko ta, ta mutu a hanya. Yaya Uwani ce ta hana."

Tsohon dai yana tsaye, hannunsa a miƙe da igiyar. Mai da masa da kyautarsa cin fuska ne da ba zai manta ba, shi kuma ba zai tafi ba sai an karɓa.

To, jama'a, ga ku ga su. Wanda ya karya alkawari ya faɗi hanya, da wadda ta kafe sai mota ta sauka ta kuma rubuta sunan wurin, da wanda ya sare tudu ya jera duwatsu: wane ne a cikinsu ya kamata ya tako ya karɓi igiyar nan daga hannun Baffa Gidado?