Mundayen Barewa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

A zamanin da Zaki ke sarautar ƙasar Larabawa, Barewa ce matarsa. A can ba a ɗaga ido a dubi sarki ko matarsa. Da an ji amon mundayen ƙafarta sai kowa ya sunkuya. Da Zaki ya sake ta, aka kwance mundayen, aka riƙe ɗanta, ta koma daji.

Bayan shekaru Zaki ya mutu. Ranar naɗin ɗan nata, Barewa ta zo fada don ta gan shi.

Raƙumi mai gadi ya ce, "Baiwar Allah, ina zuwa?"

Ta ce, "Baba Raƙumi, ni ce fa, uwar sarki. Kai kake buɗe mini ƙofar nan."

Ya ce, "Ni ban taɓa ganin fuskarta ba. Taka mu ji."

Ta taka, ba amo.

Dila ya ce, "Yau ke ce uwar sarki ta huɗu."

Sai ga sabon sarki ya fito. Barewa ta ɗaga kai, Kura dogari ta danne mata shi. Ƙafafunsa kawai ta gani har ya wuce.

Ƙurunƙus, ga kan kusu nan.