Mai Gyaran Rediyo da Faifan Mahaifinsa

A wani gari an yi wani mai gyaran rediyo, ana ce da shi Kefas. Hannunsa yana da kyau, shi ma kuwa ya san da haka. Rediyon da ya gagari sauran masu gyara, in an kawo masa da safe, kafin rana ta take yana magana.

Mahaifinsa ya rasu shekara ashirin ke nan. A zamaninsa shi ne mai ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙan ikilisiya. Wata shekara waɗansu baƙi suka zo da na'ura, suka ɗauki muryarsa yana rera waƙar yabo, suka yanka masa ita a faifai guda ɗaya tak, irin mai laushin nan da ba ya jure wahala. Ba a yi na biyu ba. Uwar Kefas ta naɗe faifan a zane, ta ajiye a ƙasan akwatinta. Garmahon gidan ya daɗe da lalacewa, saboda haka tun rasuwar mijinta ba ta ƙara jin muryarsa ba.

Da tsufa ya kama ta, ciwo kuma ya kwantar da ita, sai ta kira ɗanta ta miƙa masa faifan, ta ce, "Ɗana, kai ne kake sa rediyon mutane magana. Ina so in ji muryar babanku sau ɗaya kafin in bi shi."

Kefas ya ce, "Mama, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ba ni mako biyu."

Ya yi ta cigiya har ya sami na'urar juya faifai a gwanjon kayan wani likita da ya bar garin. Na'urar tana juyawa sarai, allurarta ma lafiya lau. Amma irin wannan na'ura ba ta magana ita kaɗai. Allura tana bin siririn layin da ke jikin faifai tana rawa, kan da allurar ke maƙale a jikinsa kuma yana mai da rawar nan wuta 'yar mitsitsiya. Wutar ba ta da ƙarfin motsa lasifika, sai an sa wani ƙaramin akwati a tsakani wanda zai ɗaga ta. Likitan bai bar nasa akwatin ba. Kefas ya ce shi da kansa zai ƙera.

Ya sami zanen irin wannan akwati a wata tsohuwar takarda, ya bi shi daki-daki. Ya zaɓi kayan ciki mafi kyau, ya narka dalma, ya haɗa waya da waya, ko ɗigo bai bari ya zuba a inda bai kamata ba. Ya sa kafinta ya yi masa gida na katakon maɗaci, ya goge shi da mai har yana ƙyalli. Mako biyu ya zama huɗu. Duk wanda ya shigo shago sai Kefas ya ɗauko akwatin ya nuna masa.

Ran nan sai ga Malam Barnaba, tsohon da ya koya masa sana'ar, yana tafe da sanda don idonsa ya yi rauni. Ya yaba aikin. Sa'an nan ya kai fuskarsa kusa da kan allurar, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Kefas, ka auna wannan kan kafin ka fara?"

Kefas ya ce, "Baba, kan allura ai kan allura ne."

Tsohon ya girgiza kai, ya ce, "Iri biyu ne. Akwai mai ƙarfin murya, kowane akwati yana jinsa. Akwai kuma mai raɗa, wutarsa ba ta kai ɗaya bisa goma ta wancan ba. Mai raɗan ya fi kyau, har numfashin mawaƙi yakan kamo, amma sai an ƙera akwati daidai da shi. Naka mai raɗa ne, zanenka kuwa na mai ƙarfin murya ne. Buɗe akwatin, ka ƙara masa mataki guda, ka canja ƙananan kaya biyu. Aikin wuni ɗaya ne."

Kefas ya dubi akwatinsa da ya riga ya rufe, ya goge, ya nuna wa jama'a. Ya ce, "Baba, na bi zane, ban tsallake kome ba. Akwatina ba shi da aibi."

Malam Barnaba ya ce, "To, in ba za ka buɗe ba, ka nemi wani faifai ka gwada da shi. Kada ka yi gwaji da na babanka."

Kefas ya ce, "To, Baba," irin "to" ɗin da ake sallamar tsoho da shi. Da tsohon ya fita, sai ya ɗora faifan mahaifinsa.

Murya ta fito, amma can nesa, kamar mutum yana waƙa a ƙetaren kogi. Kefas ya gane ta. Ya murɗa don ya ƙara sauti, sai wani gurnani ya taso kamar taron ƙudan zuma ya rufe waƙar. Ya ce a ransa, "Allurar nan ce ba ta zauna da kyau ba." Ya ɗauki ƙaramin noti na ƙarfe ya ɗaure a bisa kan allurar don ta ƙara nauyi. Ya ga kamar muryar ta ɗan matso. Ya ƙara na biyu. Ya sa faifan, ya sake sawa, ya canja waya, ya canja lasifika, ya kuma sawa. Kwana uku yana haka. Duk sa'ad da ya ɗaga allurar yakan ga wani baƙin gari ya taru a bakinta, sai ya hure shi, ya ci gaba. Bai tsaya ya tambayi kansa inda garin yake fitowa ba.

A rana ta huɗu aka aiko masa cewa jikin tsohuwa ya tsananta. Nan ne tsoro ya kama shi. Ya kwance notin, ya ɗauki akwatin ya tafi gidan Malam Barnaba, ya durƙusa ya ce, "Baba, nuna mini." Tsohon bai goranta masa ba. Suka buɗe, suka auna, suka ƙara abin ƙarawa, suka canja abin canjawa. Kafin la'asar sun gama. Malam Barnaba ya ɗauko wani tsohon faifai nasa suka gwada, murya ta cika ɗakin tangaran, ba gurnani ko kaɗan.

Kefas ya kwashi kayan da sauri zuwa ɗakin uwarsa. Ya tashe ta zaune, ya jingina ta da matashi, ya ce, "Mama, ga Baba." Ya sauke allurar.

Akwatin ya yi aikinsa da aminci. Abin da ke jikin faifan, shi ya fitar, da ƙarfi kuma sarai: ƙarar karce, kamar ana jan kwano a kan tsakuwa. Nauyin notin ya sa allurar ta kankare layin. Jefi-jefi rabin kalma takan ɓullo, ta nutse. Tsohuwar ta kasa kunne har faifan ya ƙare, ba ta motsa ba.

Sa'an nan ta ce, "Kai ka ji shi, kafin ya zama haka?"

Kefas ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na ji shi, Mama, sau da yawa. Amma daga nesa yake, bai fito da kyau ba."

Ta ce, "Da ka kawo mini shi daga nesan. Ni ai na san muryarsa."

Ta juya fuskarta wajen bango. Bayan kwana biyar ta rasu.

'Yan'uwa, ga abin da wannan misali yake nufi. Akwatin nan kunnenmu ne da zuciyarmu. Kan allura mai raɗa kuwa shi ne mutumin da Allah ya sa a kusa da mu wanda ba ya iya ɗaga murya: matar da take faɗin damuwarta da rabin baki, tsohon da yake jin kunyar roƙo, ɗan'uwan da yake cewa "lafiya lau" alhali ba lafiya. Mun ƙera kunnenmu domin masu ƙarfin murya, mun goge shi, muna taƙama da shi. In ba mu ji mai raɗa ba, ba ma cewa laifin kunnenmu ne. Sai mu ce shi ne bai iya magana ba. Sai mu ɗora masa nauyi: tsawa, gori, "Fito fili ka faɗa mana!", "Kullum ke sai ƙunƙuni." Muna dannawa, muna ganin kamar muna gyara, alhali kankarewa muke yi.

Ku lura, Kefas ba mugu ba ne. Yana ƙaunar uwarsa. Sai dai ya fi ƙaunar a ce aikinsa ba aibi. An faɗa masa gaskiya da wuri, gyaran kuma na wuni ɗaya ne, amma buɗe akwatin da ya riga ya nuna wa mutane ya yi masa nauyi. Haka muke da Maganar Ubangiji ma. Sau da dama a hankali take zuwa, ta bakin wanda muka raina, mu kuwa mun riga mun rufe.

Ba zan ruɗe ku ba. Ya tuba, kuma Allah yana karɓar tuba. Amma tuban da ya makara ba ya mayar da abin da aka lalata. Na binne mutane da yawa a wannan ikilisiya, na kuma ga masu kuka a bakin kabari waɗanda a ranar ne kunnensu ya buɗe.

Yau in kun koma gida, ku dubi wanda ya rage magana a gidanku. Kada ku ce halinsa ne. Da ba haka yake ba, kun kuwa sani.