Takalman Bakin Ƙofa

An yi wani hakimi da ya je kasuwar Maraɗi, ya tarar ba mai taya takalman garinsa, na waje kawai ake rububi. Ya dawo a fusace, ya sa aka kira Mantau, tsohon baduku.

Ya ce, "Na ba ku wata guda. Ko takalminku ya kori na waje a Maraɗi, ko in rushe rumfunan dukawa."

Mantau kuwa ba shi da wata sana'a. Ya nisa ya ce, "Ranka ya daɗe, mai sauƙi ne. Mutanen can abu ɗaya suke tambaya, wai masu garin me suke sawa? A ba ni mutum guda daga fadar nan, ya bi ni da takalmin da ya zo da shi yau, su gani."

Hakimi ya ce, "Shi ke nan? Dogari, kwaso takalman bakin ƙofa."

Aka zube su a tsakar zaure, aka juya su ɗaya bayan ɗaya. Duk na waje ne, har da na hakimi.

Can hakimi ya nuna wani silifas na roba ya ce, "Wannan fa na wa?"

Mantau ya ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Namu yana cin dunduniya."

Hakimi ya ce a bar rumfunan, a kuma mayar wa kowa takalminsa kafin talakawa su leƙo.