Motar da Ta Ɗaga Hanci Sama

Akwai wani manomi da yake da tsohuwar a-kori-kura, da 'yar tirela mai ƙafa biyu wadda yakan maƙala mata a baya in kaya sun yi yawa. Ranar auren 'yarsa Rifkatu, ya ce shi da kansa zai kai kayan ɗakinta ƙauyen ango, ya kuma yi alkawari za su isa kafin a kawo amarya da yamma. Gama abin kunya ne amarya ta shiga ɗaki wayam, dangin miji suna leƙe.

Da safe ya yi lodi. Katifa da kwanuka ya tura su can bayan tirelar. Amma buhunan masara na gara, da keken ɗinki, da dutsen niƙan da matarsa ta gada wurin uwarta, duk ya jibge su a gaban tirelar, dab da ƙugiyar da ta haɗa ta da mota. Ya ce a ransa, "Abu mai daraja, a ajiye shi inda zan riƙa ganinsa a madubi."

Yana maƙala ƙugiya sai motar ta durƙusa ta baya kamar raƙumi, ta ɗaga hanci sama. Matarsa ta shiga ta zauna, ba ta ganin hanya sai gajimare. Suka kama tafiya, bututun hayaƙi yana sharar ƙasa. In ya juya sitiyari dama, sai motar ta yi shawara tukuna.

Ya tsaya wurin mai faci, aka dura wa tayoyin baya iska har suka yi tauri kamar goruba. Mota ba ta tashi ba. Ya sassaƙa itace ya cusa a sifirin ɗin tayoyin baya, ramin farko ya tofar da shi. Can sai ga wani abokinsa mahauci, ƙaton mutum, yana tafe a ƙasa. Manomin ya yi murna ya ce, "In baya ya yi nauyi, ai sai a ƙara wa gaba." Ya roƙe shi ya hau kan murfin inji.

Mota kuwa ta kwanta gaba da baya kamar kaza a kan ƙwai. Ba su yi nisa ba mahaucin ya diro yana fifita mazaunansa da hula, yana cewa, "Ni nake gasa nama, yau ga shi an gasa ni!"

Rana ta karkata. Manomin ya zauna a bakin hanya ya yi tagumi, ba abin da yake gani sai fuskar 'yarsa a ɗakin da ba komai.

Matarsa ta sauko, ta zaga tirelar a hankali. Ta ce, "Baban Rifkatu, ƙafafun nan nata, na ado ne?"

Ya ce, "Kamar yaya?"

"Ga ta da ƙafafunta, amma ka aza wa motar komai a wuya. Matsar da masu nauyin su zauna a kan tayoyin."

"In na matsar, katifa za ta dawo gaba ta kare su. Ba zan gan su a madubi ba. In aka sace dutsen uwarki fa?"

Ta ce, "Ni da kake bari a gida kullum ka tafi gona, ka taɓa dawowa ka tarar an sace ni?"

Ya dube ta, ya ce, "Ke ai kullum ina ganinki, ko ba madubi."

Ta kau da kai tana gyara ɗankwali. "To, ɗaga buhun, tsoho."

Suka matsar da kayan, mahaucin yana taya su yana ɗingishi. Motar ta miƙe tsaye, hanya ta bayyana. Suka isa ƙauyen ango. Suna gama jeren ɗaki, sai ga guɗar masu kawo amarya daga bakin gari.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Motar ita ce zuciyar mutum. Kayan nan su ne abubuwan da muke ƙauna, 'ya'yanmu da gonakinmu da gobenmu. Ƙafafun tirelar kuwa alherin Ubangiji ne, wanda aka tanada domin ɗaukar nauyi. Ƙananan abubuwa mukan bar wa Allah da sauƙi. Wanda muka fi so, shi muke ratayawa a wuyanmu, don muna tsoro in ido ya bar shi zai salwanta. In mun durƙushe, sai mu ƙara wata dabara a kan damuwa, mu jawo har abokanmu su ƙone.

Ba a ce ka zubar da kayanka a hanya ba. Kai ne dai za ka ja su. Amma yau, kafin ka kai gida, ka kira abin nan da ya fi maka nauyi da sunansa, ka ajiye shi a hannun Ubangiji, ka sa ido a hanya.