Kwaɗon Tasalla da Wutar Dila

"Ga ta nan, ga ta nanku, na kan tabarma da na bakin ƙofa."

"Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne."

An yi wata mata a wani gari da ke gefen fadama, sunanta Tasalla. Sunan mijinta Nomau, 'ya'yansu uku. Nomau noman damina yake yi. Ita kuwa da zarar rani ya shigo sai ta gangara fadama ta kama lambu. Lambun ba wani babba ba ne, amma duk wanda ya bi ta wurin sai ya tsaya ya kalla. Ga salak ya yi kore shar, ga lansir, ga gurji, ga tumatir da albasa, ga kuma bishiyar lemun tsami guda ɗaya a bakin rijiya. Ita ke jan ruwanta, ita ke ban ruwanta, safe da yamma.

A zamanin nan, yara, babu ashana. In wutarka ta mutu, sai ka ɗauki kasko ka shiga maƙwabta ka ɗebo garwashi. Saboda haka wuta ba ta taɓa mutuwa a garin gaba ɗaya ba.

To, akwai wani Dila da ke zaune a kogo, kan dutsen bayan gari. Ba ya noma, ba ya kiwo, amma ba abin da yake so irin tuwo da miya mai zafi. Ran nan aka yi shelar kamun kifi a babban tafki. Kowa ya tafi, maza da mata, yara da tsofaffi, aka bar gari ba kowa. Dila ya sauko a hankali, ya ɗebi garwashi a kasko ya kai kogonsa. Sa'an nan ya dawo da tulu, ya bi gida gida yana kwara ruwa a murhu. Har wutar maƙera bai ƙyale ba.

Da la'asar mutane suka dawo da kifi cike da kwanduna. Wannan ta shiga gidan waccan da kasko, waccan ta shiga gidan wannan, kowa ya tarar da toka a jiƙe. Gari mafi kusa kuwa tafiyar kwana bakwai ne. Suna cikin jimami sai suka hango hayaƙi na tashi daga kan dutse. Mai gari ya ja jama'a suka hau.

Dila na zaune a bakin kogo, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Mai gari ya ce, "Dila, wuta ta mutu mana. Ka sam mana garwashi ɗaya."

Dila ya ce, "Garwashi ba ya sauka daga dutsen nan. Wuta tawa, tukunya taku, rabi nawa. Ku kawo tukwanenku da itacenku, ni zan shiga da su ciki in ɗora. In abinci ya nuna, mu raba biyu."

Wani ƙaƙƙarfa ya yunƙura zai shiga da ƙarfi. Dila ya dafa tulun da ke gefensa ya ce, "Ka ƙara taku ɗaya, in kwara mata ruwa, kowa ya rasa." Sai mutumin ya ja da baya.

Haka aka fara. Kullum da safe mata su yi jerin gwano zuwa kan dutse, tukunya a ka, itace a baya. Su sauko da rabin tukunya. Dila ya ci ya ƙoshi, ya ci ya ƙoshi, har wuyansa ya yi kauri. Yaran gari kuwa suka fara ramewa.

Tasalla kaɗai ce ba ta hau ba. Ranar farko ta ba 'ya'yanta sauran fura. Rana ta biyu ta jiƙa musu gari da ruwa. Rana ta uku ƙaramin ya kwanta a jikinta yana kuka, ya ce cikinsa na ciwo.

Nomau ya ce, "Tasalla, ki ɗauki tukunyar nan ki hau kamar kowa. Rabi ya fi babu."

Ta ce, "Maigida, kai ka nome dawar nan da guminka. Ni na daka ta. Ba zan ɗora ta a kaina in kai wa wanda bai taɓa riƙe fartanya ba."

Ya ce, "To, yaran fa? Girman kai za su ci?"

Maganar ta soke ta. Ta dubi yaron, ta shafa kansa. Ta ce, "Ka ba ni daga yanzu zuwa azahar. In ban ciyar da su ba, ni da kaina zan hau."

Ta ɗauki kwando ta gangara lambu. Ta tsinko salak, ganye ganye, tana zaɓen masu taushi. Ta yanko lansir. Ta ɗebo gurji uku, tumatir ja guda huɗu, albasa ɗaya, lemun tsami biyu. A bakin rijiya ta wanke ganyen, ta zubar da ruwan. Ta sake wankewa, ta zubar. A na uku ta jefa ɗan gishiri a ruwan, ta bar ganyen ya ɗan jima, ta ɗauraye, ta zuba a kwando ya tsane.

Da ta dawo gida ta shiga ɗaki ta sauko da ƙwaryar ƙuli-ƙuli da tandun man gyaɗa, waɗanda ta yi tun kaka, kafin wuta ta ɓace. Ta zuba ƙulin a turmi ta daka har ya yi laushi. A wata 'yar ƙwarya ta matse lemun tsami, ta sa gishiri da dakakken barkono, ta juya. Ta ɗebi kaɗan daga ciki ta zuba a garin ƙuli, ta tsiyaya mai, ta yayyafa ruwa, ta dama da yatsa. Ta lasa, ta ƙara gishiri. Ta sake lasa, ta gyaɗa kai.

Sa'an nan ta tsittsinka ganyen da hannu a babban akushi, ta yanka gurji da tumatir da albasa a kai. Ba ta haɗa ba tukuna. Sai da ta shimfiɗa tabarma, kowa ya wanke hannu ya zauna, kana ta zuba haɗin a kan ganyen ta cuɗa a hankali.

Nomau ya kai loma ɗaya. Ƙurus, ƙurus. Ya kai ta biyu. Ya ci gaba har ya kai ta biyar. Ya ce, "Me ake kiran wannan?"

Ta ce, "Kwaɗo. Ci dai, kada yara su riga ka."

Ƙaramin da ke kuka ya ci har ya lashe yatsu, ya tashi ya fita wasa.

Maƙwabciyarsu Yalwa tana saukowa daga dutse da rabin tukunyarta, ta leƙo ta katanga. Ta ce, "Yaya Tasalla, ɗanyen ganye kuke ci? Ai wannan abincin awaki ne."

Tasalla ta ce, "Shigo ki zama akuya na loma ɗaya."

Yalwa ta shigo tana dariya, ta ɗanɗana. Dariyar ta tsaya. Ta ajiye tukunyarta a ƙasa ta zauna sosai. Da suka gama ta ce, "Yaya, don Allah ki koya mini."

Tasalla ta ce, "Gobe da sassafe ki same ni a lambu. Ki zo da duk mai so."

Washegari mata biyar suka zo. Da gari ya sake wayewa suka zama ashirin. Tasalla ba ta ɓoye komai ba. Ta nuna musu wankin ganye sau uku. Ta ce kada a haɗa sai za a ci, don in ya jima da gishiri zai yi laushi ya kwanta. Mai ƙuli ta ba marar ƙuli, mai mai ta ba marar mai. Duk masu lambu suka buɗe shingensu. Da hantsi sai ka ji turame na amsa wa juna, mata na waƙa:

"Daka ƙuli, daka ƙuli,
Ganye na kwando, mai na tandu,
Mai wuta ya ci wutarsa."

Can kan dutse Dila ya jira tukunya, shiru. Ya jira itace, shiru. Wutarsa ta ja baya, ta ja baya, har ta koma garwashi cikin kasko ɗaya. Cikinsa ma ya ja baya. Da yunwa ta ishe shi sai ya ɗauki kaskon, don ba ya yarda ya bar shi, ya rataya gorar ruwa a wuya, ya sauko gidan Tasalla.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Tasalla, na ji tausayinku. Wuta tawa, tukunya taku, amma yanzu kashi ɗaya cikin uku kawai zan ɗauka."

Ta ce, "Mun ƙoshi, Dila. Sauka lafiya."

Washegari ya dawo. Ya ce, "Wuta tawa, tukunya taku, loma uku kawai nawa."

Ta ce, "Mun ƙoshi, Dila. Sauka lafiya."

Bai tafi ba. Ya ga yara na ci, ya ji ƙurus ƙurus, ƙanshin man gyaɗa da albasa ya daki hancinsa. Ya haɗiye yawu ya ce, "To, wai me kike sawa a ciki?"

Ta ce, "Ganye, ƙuli, mai, gishiri, barkono, lemun tsami. Shi ke nan. In kana so, ka kai wa kowane gida garwashinsa, ka dawo ka wanke hannu ka zauna."

Dila ya tafi yana magana shi kaɗai. Ya ce, "Ƙarya take yi. Ba wanda zai faɗi asirinsa a fili haka. Akwai abin da ta ɓoye." Kun ga, yara, shi da yake bai taɓa faɗin gaskiya ba, bai san ana faɗinta ba.

Rana ta uku bai yi sallama ba. Ya zagayo ta bayan gida ya laɓe a gindin rumbu, kasko a hannu. Ya ga Tasalla ta matse lemun tsami a 'yar ƙwarya, ta zuba gishiri, ta zuba barkono da yawa, don ranar gidaje huɗu za su ci tare. Ya ga ta rufe 'yar ƙwaryar da faifai saboda ƙuda, ta ɗauki kwando ta nufi randa.

Dila ya ce a ransa, "Ga asirin can. Abin da aka rufe shi ne abin." Ya lallaɓa, ya ɗage faifai, ya ɗaga ƙwarya ya kwankwaɗe duka.

Da farko ya tsaya cik. Sai idanunsa suka kawo ruwa. Sai kunnuwansa suka miƙe. Ya saki kasko a ƙasa, ya fizgo gorar wuyansa ya shanye ruwan tas, bai ji sauƙi ba. Ya yi tsalle ya faɗa kan turmi, ya tashi ya tsallake katanga, ya nufi tafki a guje, harshe a waje, yana ihu.

Tasalla ta juyo ta ga garwashi warwatse a tsakar gida, ja wur. Ba ta yi gaggawa ba. Ta durƙusa ta tattara su cikin kasko da ɗan itace, ta sa karmami, ta hura a hankali. Hayaƙi ya tashi, wuta ta kama.

Yalwa ta shigo ta gani, ta rangaɗa guɗa. Nomau ya ce, "Ga murhunmu nan, ki fara hura shi."

Tasalla ta ce, "Namu zai jira. Akwai tsofaffin da haƙoransu ba sa iya tauna ganye, kwana nawa suna sha'awar kunu."

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta ɗauki kasko ta fita. Ta fara da gidan tsohuwar da ke ƙarshen unguwa. Ta bi gida gida, mata na biye da ita suna waƙa. Ta shiga maƙera ta zuba wa maƙeri garwashi biyu. Kafin la'asar hayaƙi na tashi daga kowane gida. Mai gari ya fito ƙofar gidansa ya ga wucewarta, ya tambaya, "Matar wa ce wannan?"

Nomau na cikin taron. Ya matso gaba, ya gyara hularsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Tasalla ce. Ni ne mijinta."

Da yamma aka tuƙa tuwo a garin, tukunya cike, ba wanda ya raba da kowa sai da son ransa. Kuma a gefen kowane kwanon tuwo aka ajiye akushin kwaɗo, don bakin mutane ya riga ya saba. Dila kuwa ya sha ruwan tafki har cikinsa ya yi tulu, zafin bai bar harshensa ba. Kunya ta hana shi komawa kan dutse. Shi ya sa har yau yake zagaya bayan gari baki a buɗe, yana kuka daga nesa, ba ya shigowa.

To, kun ji. Wanda ya riƙe abin da kowa ke bukata don ya wahalar da mutane, ranar da suka gano wata hanya shi ne zai kwana da yunwa. Wadda kuma ta san aikin hannunta, ba ta durƙusa wa macuci.

Ƙurunƙus kan kwaɗo, na bakin rafi ba na akushi ba. Na akushi kuwa, duk mai son ci gobe ya tashi da wuri ya taya ni wanke ganye.