Labulen Yaya da Manhajar da Ba Ta da Makunni

Akwai wani matashi da 'yan gidansu ke kira Injiniya. Yayarsa tana da shagon labule, kuma ciniki ba ya barinta ta kula da shafin shagon a intanet.

Sai ya haɗa mata manhaja mai wallafa talla da kanta. Ya rubuta tallace-tallacen wata guda, kowanne da lokacin fitarsa, ya ɗora manhajar a kan saba, wato kwamfutar haya da ke can nesa, wadda ba a kashewa.

Yaya ta leƙa allon ta ce, "To ƙanina, idan na so ta tsaya, ina zan danna?"

Ya yi dariya. "Yaya, ki tsaya a kan almakashinki. Wannan ba aikinki ba ne."

Ta koma kan ɗinkinta.

Ana nan, ya tafi wani aiki a ƙauyen da sabis ɗin waya ke wuya. A wannan ranar ce surukar Yaya, mahaifiyar mijinta, ta rasu.

Gida ya cika, mata na zaune jugum a falo. Sai ƙanwar mijinta ta miƙo mata waya. A shafin shagon, sabon talla ya fito da hoton dariya: "Surukarki ta cika leƙe? Labulenmu ne maganinta!"

Yaya ta shige kicin ta yi ta kiran Injiniya, layi ba ya shiga. Ta goge tallan, amma ba ta san me ke biye ba. Ta kira matar Injiniya a gida.

"Ki kashe kwamfutarsa, don Allah! Ki zare wayar wutar ma!"

"Na kashe, Yaya, har na tura ta ƙarƙashin gado."

Yaya ta koma falo, ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Ba a jima ba wayoyi suka fara ƙara. Wani tallan ya fito: "Yau ranar farin ciki ce a gidanmu!" Manhajar ba a kwamfutarsa take ba, tana can a saba tana aikinta.

Mijinta ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa jajir. "Ki bari a binne ta tukuna," ya ce, ya juya.

Sai da Injiniya ya hau kan tudu ya sami sabis, ya ga kiran da ya rasa. Tsayar da manhajar bai ɗauke shi komai ba.

Ya dawo ya bi dangin mijin ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri. Wasu sun yarda, ƙanwar mijin kuwa har yau gaisuwa ce kawai tsakaninta da Yaya.

Da ya durƙusa a shago, Yaya ba ta ɗago daga ɗinki ba. Ta nuna bango da almakashi.

"Ka ga fankar nan? Ban san yadda aka ƙera ta ba. Amma wanda ya ƙera ta ya bar mini makunni."

Darasi: Duk abin da ka haɗa don ya yi magana da sunan wani, ka nuna masa yadda zai tsayar da shi. Na'ura ba ta san ranar makoki ba, kuma tambayar da ka raina tana iya zama ita ce mafi muhimmanci. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da shafin wani.