Mun Ɗauka Aiki Yake Yi

Babu ƙarar guduma a rayuwata yanzu. Da, in na karyo kwanar layinmu daga wurin aiki, ita nake fara ji, sai in san gida lafiya. Yanzu shiru ne. Mai gudumar ya rasu, kuma mijina ne.

Kurma ne. Zazzaɓi ya tafi da jinsa tun bai iya magana ba, don haka ba ya ji, ba ya magana. Sana'arsa haɗa takalma. Yini yake yi yana ɗora takalmi a kan ƙarfe yana bugawa, har mutanen layi suka sa masa suna Guduma.

Da zan aure shi ƙawayena sun ce, "Ke kuwa duk mazan duniya sai wanda ba zai taɓa kiran sunanki ba?" Na ce aƙalla ba zai ji gulmar da za ku kawo masa ba.

Da hannu muke hira. In na shigo ɗaki yana ba ni baya, sai in buga ƙafa a ƙasa sau biyu, ya ji motsin a jikinsa ya juyo. Kowa yana da sunansa a hannunsa. Ni, sai ya taɓa haƙoransa na gaba, saboda wushiryata. 'Yarmu, sai ya ja kunne, saboda rashin jinta. Yayansa kuwa, sai ya cika kumatu da iska, don Yaya mutum ne mai son a san shi ne babba.

A gidan Yaya muke zaune, ɗaki ɗaya namu, ɗaya nasu, da falo, da wani ɗan ɗakin ajiya. Ƙofa ɗaya ce ta ƙarfe, tagogi duk an yi musu ƙarafa saboda ɓarayi. Yaya direba ne. Shi ya raini mijina bayan iyayensu sun rasu, kuma ba zan ɗauki alhakinsa ba, yana son ƙaninsa.

Da farko mijina yana da ɗan shago a bakin titi. Wata rana da rana tsaka wasu samari suka shiga yana sunkuye ya ba ƙofa baya. Bai ji shigowarsu ba. Suka sauke masa katako a ƙeya, suka kwashe waya da keken ɗinkin fata. Yaya ne ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa asibitin da nake shara. Ranar na fara ganin hawayen Yaya.

Da aka sallame shi, Yaya ya tara mu a falo.

"An gama zaman shago," ya ce. "Ga ɗakin ajiya nan, ya yi aikinsa a ciki. Ni zan riƙa kai wa masu saye. Gaya masa."

Na gaya masa. Mijina ya ce da hannu, "Ba shagon ne ya buge ni ba. Zaman da na yi ne ba daidai ba. In na juya teburina na fuskanci ƙofa, zan ga mai shigowa."

Yaya ya ce, "In ya gan su sai ya yi musu me? Ya kira wa? Ni na ɗauki jininsa a rigata, ni na san abin da na gani."

Aka bar shago.

Da rana gidan babu kowa sai shi. Ni nake fara fita, matar Yaya ta tafi makarantar da take koyarwa tare da yara, Yaya ya fita a ƙarshe. Mijina ya sa sakata ta ciki.

Matsalar ita ce in ya sa sakata, ba ya jin bugun ƙofa. Wata rana Yaya ya dawo da yara ana ruwan sama, suka yi ta bugu, suka yi ta kira, shi yana can ciki yana aikinsa. Sai da ya fito shan ruwa ya hango su ta taga, sun jiƙe sharkaf.

Washegari Yaya ya dawo da kwaɗo, ƙato, mai nauyi. Ya ɗaga shi yana nuna mana.

"Wannan ko zarto ba ya cin sa. Zan riƙa rufewa ta waje in zan fita. Ɓarawo ba zai shiga ba, mu kuma ba za mu tsaya a ruwa ba."

Na ce, "Yaya, shi kuma in yana son fita fa?"

"Ya je ina? Ga ruwa, ga banɗaki, ga abincinsa. Ni da nake yawo a titi ni ne abin tausayi."

Daga ranar mijina ya canza wa Yaya suna. Ya daina cika kumatu, ya koma murɗa yatsu kamar mai juya makulli. Muka yi dariya ni da shi, amma dariyarsa ba ta kai ido ba.

Ranar hutu yakan je wurin da kurame suke taruwa. Wata rana ya dawo da usur rataye a wuya, yana ta murna. Wata malama, ita ma kurma, ta koya musu yadda za su tsare kansu. Ya jawo ni gaban Yaya in fassara.

Ya ce akwai ƙwan lantarki da ake haɗawa da ƙararrawar ƙofa, in an danna sai ya yi ta walƙiya a ɗakin aikinsa. Da shi zai san an zo, sai a cire kwaɗo a koma sakata. Ya ce usur ɗin kuma na neman taimako ne. Malamar ta ce kowa ya samu kiran da bai yi kama da hayaniyarsa ta kullum ba, ya kuma sanar da maƙwabta.

Yaya ya yi dariya har da buga cinya.

"Kurma da usur? Saura makaho ya sayi madubi."

Ban so in fassara ba, amma mijina ya karanta a bakinsa. Ya nuna kunnensa ya kaɗa kai, sannan ya nuna kunnen Yaya. Wato ba ni zan ji ba, ku za ku ji.

"Maganar ƙwan za mu duba in an samu sarari," Yaya ya ce. "Waɗannan masu taron ba su san ciwonsa ba. Ni na san abin da ya dace da shi tun yana rarrafe."

Na ce to ko za a bar makulli ɗaya a wurin maƙwabciyarmu mai ɗinki, tunda kullum tana gida.

Ya kalle ni. "Amarya, makullin gidana a hannun maƙwabta? Ki bar maganar nan."

Usur ɗin bai daɗe ba. Yara suka ɗauka suna wasa da shi, suka hana Yaya barcin rana, ya karɓe ya jefa a motarsa. Mijina ya ce zai sayi wani in ya sake fita. Muka fara neman ɗakin haya a ɓoye, amma kullum sai ya ce a bi a hankali, kada Yaya ya ga kamar mun yi masa butulci.

Mai ɗinki bango ɗaya ne tsakaninmu da ita. Mace ce mai barkwanci. In ta gan ni sai ta ce, "Matar Guduma, ki gaya wa mijinki ya rage, kaina ba takalmi ba ne." Wani lokacin kuma ta ce, "Ni fa na daina duba agogo. In ya fara bugu na san yara sun tafi, in ya tsaya na san lokacin salla ya yi."

Ranar da abin ya faru ina goge wani dogon baranda a asibiti aka zo aka ce in ajiye guga in zo. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin mutanen layi na ji shi.

An kwana biyu babu wuta, sai aka kawo ta da ƙarfi kafin azahar. Masu kashe gobara sun ce wayar wuta ce ta kama a ɗakin aikin mijina. Ɗakin cike yake da gam da roba da soso, abubuwan da ba sa jiran a roƙe su. Ga alama ya yi ƙoƙarin kashewa, don an ga bokiti a ƙofar ɗakin. Da ta fi ƙarfinsa ya nufi ƙofar fita. Kwaɗo yana waje. Makulli yana aljihun Yaya, Yaya yana kan hanya.

Mijina ba shi da murya, ba shi da usur. Gudumarsa ce a hannunsa, sai ya fara bugun ƙofar.

Mai ɗinki ta ji. Ta gaya mini da bakinta, tana riƙe da ƙafata. Ta ce dawowar wuta ta sa ta hau keken lantarki tana sauri, rediyo yana kunne. Ta ji bugun ya fi na kullum ƙarfi, ya fi sauri. Ta ce wa matar da ta kawo mata ɗinki, "Yau Guduma ya samu kwangila." Suka yi dariya.

Mai kanti na tsallaken layi ya ji. Mai wankin mota ya ji. Tsohon da ke zama a ƙofar gidansa ya ji, har ya ce Allah ya yi wa neman halal albarka. Duk wanda na tambaya abu ɗaya yake ce mini: "Wallahi mun ɗauka aiki yake yi."

Sai da bugun ya tsaya, hayaƙi ya fara fita ta saman taga, sannan aka gane. Maza suka taru a kan kwaɗon da duwatsu da ƙarfen taya. Yaya bai yi ƙarya ba, kwaɗon bai ko motsa ba. Aka ruga aka kira mai walda ya yanke ƙofar.

A bayanta aka same shi. Wutar ba ta taɓa shi ba, hayaƙi ne. Gudumar tana hannunsa. Na ga ƙofar daga baya, duk ta lotsa ta ciki, daidai tsayin kafaɗarsa.

Yaya ya iso ana fito da shi. Ya ciro makulli daga aljihu ya nufi ƙofar da aka riga aka yanke, yana neman inda zai sa. Sai da aka riƙe shi.

Bayan an share makoki ya zo inda nake, ya durƙusa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Amarya, tsare shi nake yi."

Na ce, "Na sani, Yaya."

"Da na sa ƙwan nan..."

Ya ajiye wani abu a gabana ya fita. Usur ɗin ne, ya samo shi a ƙarƙashin kujerar mota.

Yaya ya bar tuƙi. An ce in ya ji kafinta yana aiki sai ya toshe kunne ya canza hanya. Mai ɗinki ta tashi daga layin. Ni da 'yata muna ɗakin haya, irin wanda muka yi ta nema da shi. Mutane suna ce mini lokaci yana warkar da komai. Ni dai ban ga alama ba. Har yau in yarinyar nan za ta shiga ɗaki sai ta buga ƙafa sau biyu a bakin ƙofa, sannan ta tsaya. Ban hana ta ba, don ban san me zan ce mata ba.

Darasi: In kana da mai lalura a gida, kada ka yanke masa yadda za a tsare shi ba tare da ka saurare shi ba, domin ya fi ka sanin inda haɗarinsa yake. Kada a kulle mutum ta waje da sunan kariya. A ba shi hanyar fita da hannunsa, a ba shi kiran neman taimako da bai yi kama da hayaniyarsa ta kullum ba, a kuma gaya wa maƙwabta su san shi. Ku tura wannan ga duk gidan da kuka san akwai kurma, ko makaho, ko gurgu, ko tsoho da ake rufewa a tafi aiki.

Ina roƙonku ku taya ni da addu'a. Allah ya ji ƙan mijina, ya sa kabarinsa ya zama mai faɗi da iska, ya buɗe masa ƙofar da ba a rufewa. Allah ya sassauta wa Yaya abin da ke cin zuciyarsa, ya raya mini yarinyar nan. Wanda ya karanta ya ce amin.